Ɗaukar Hoton Tsuntsu ta Madubin Hangen Nesa: Zaɓen Maleƙi da Saita Kyamara

Kowane irin tsuntsu yana da tazarar da yake amincewa mutum ya tsaya a bayanta, wadda da zarar an ƙetare ta sai ya tashi, kuma ga tsuntsayen ruwa irin su zalɓe da kirinjijiya da gauraka, waɗanda suka daɗe da sanin mafarauta, wannan tazara takan yi nisan da ido shi kaɗai ba ya iya bambance launin baki da zanen fiffike. Wannan ne ya sa masu nazarin tsuntsaye suke dogara da madubin hangen nesa mai ido ɗaya, wato bututu mai babban gilashi a gaba, wanda faɗinsa yakan kama daga milimita 60 zuwa 95, da kuma ɗan gajeren bututun gilasai a baya inda ake kafa ido, wanda shi ne maleƙi. Ana ɗora madubin a kan maɗori mai ƙafa uku, domin yana ninka girman abin da ake kallo sau 20 zuwa sau 60, ninkin da babu hannun da zai riƙe shi ba tare da rawa ba. Don idon mutum aka ƙera shi, amma idan aka kafa idon kyamara a daidai inda idon mutum yake tsayawa, kyamarar za ta ga abin da idon ya gani, ta kuma ɗauke shi, kuma wannan dabara ita ce ake kira dijiskofin.

Dabarar ta yaɗu ne daga shekarar 1999, lokacin da wani mai kallon tsuntsaye ɗan ƙasar Malesiya, Laurence Poh, ya kara ƙaramar kyamararsa ƙirar Nikon Coolpix 950 a bakin maleƙin madubinsa ƙirar Leica, ya kuma sa hotunan da ya samu a intanet, inda suka ja hankalin masu wannan sha'awa a Turai da Amurka. Kyamarar ba ta wuce megafiksil 2 da ɗan ɗoriya ba, amma idonta ƙarami ne, kuma yana zuƙowa ne daga ciki ba tare da ya turo kai waje ba, saboda haka ya zauna daram a bakin maleƙi, abin da ya sa ita da waɗanda suka biyo bayanta, Coolpix 990 da 995 da 4500, suka yi shekaru suna riƙe da wannan fage. Abin da ya ja mutane a bayyane yake: babban idon kyamara mai milimita 600 irin na ƙwararru yana da nauyin kusan kilo 3, kuɗinsa kuma ya haura dalar Amurka 10,000, alhali madubin da mai kallon tsuntsaye ya riga ya mallaka yana iya kawo tsuntsu kusa ninki biyu ko uku fiye da haka. Sai dai wannan kusantowa bashi ce, kuma da haske ake biyanta, ta yadda duk wata shawara game da maleƙi ko saitin kyamara tana komawa ne ga yadda za a rage nauyin wannan bashi.

Fahimtar lamarin tana buƙatar ɗan lissafi wanda ba shi da wahala. Kowane idon kyamara yana da tsawon tattarawa, wato nisan da ke tsakanin gilashi da wurin da hasken da ya shigo daga nesa yake haɗuwa, ana auna shi da milimita, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon girman abin da aka ɗauka a cikin hoto. Idan aka haɗa kyamara da madubi, tsawon tattarawar haɗin shi ne na idon kyamara sau ninkin maleƙi, ta yadda ido mai milimita 50 a bayan maleƙi mai ninki 30 zai ba da milimita 1,500. Amma hasken da zai zana wannan babban hoto bai ƙaru da ko ƙwaya ɗaya ba, domin ta babban gilashin gaba kaɗai yake shigowa. Ana gane yawansa ta hanyar duba maleƙi daga nisan kamu ɗaya ko biyu, inda za a ga ɗan ɗigon haske zagayayye yana shawagi a bakinsa. Faɗin wannan ɗigo shi ne faɗin gilashin gaba a raba da ninki, kuma duk abin da ido ko kyamara za su samu ta cikinsa yake fitowa. A madubi mai milimita 80, ɗigon yana da milimita 4 a ninki 20, ya koma kimanin 2.7 a ninki 30, ya ƙanƙance zuwa 1.3 a ninki 60. Tun da yake yawan haske yana bin faɗin fili ne, ba tsawon layi ba, tashi daga ninki 30 zuwa 60 ba rabin haske yake cinyewa ba, kashi uku cikin huɗu yake ɗaukewa, ma'ana hoton da za a ɗauka a cikin 1/500 na daƙiƙa yanzu sai ya buƙaci 1/125, a daidai lokacin da kowace ƙaramar girgiza ta ninka girma sau biyu.

Akwai kuma iyakar da ninki ba ya iya ƙetarewa ko da haske ya wadata. Ƙananan abubuwan da madubi zai iya rarrabewa suna bin faɗin gilashin gaba ne, kuma bisa ƙa'idar da masanin taurari ɗan Ingila William Dawes ya fitar a ƙarni na 19, gilashi mai milimita 80 marar aibi zai iya raba ɗigo biyu masu tazarar kusan milimita 0.7 a nisan mita 100, idan iska ta natsu sarai, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Ƙara ninki bayan an kai wannan iyaka yana kumbura hoton ne kawai, ba ya fito da ko gashi ɗaya da bai fito ba tun farko. Wannan ne dalilin da ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke zama tsakanin ninki 20 da 35, su yanke hoton daga baya a kwamfuta idan tsuntsun ya yi ƙarami, alhali sabon shiga yakan murɗe maleƙi har ƙarshe, ya dawo gida da hotuna manya masu dishi-dishi, sannan ya ɗora laifin a kan kyamara.

Maleƙi iri biyu ne a kasuwa: mai ninki ɗaya tsayayye, wanda galibi 30 ne ko kusa da haka, da kuma mai zuƙowa, wanda ake murɗawa daga 20 zuwa 60. Na biyun ne aka fi sayarwa tare da madubi, kuma ga mai kallo da ido yana da amfani, tun da yake yana ba shi damar neman tsuntsu da ƙaramin ninki sannan ya zuƙo shi. Ga kyamara kuwa, tsohon salon maleƙi mai zuƙowa yana da aibi biyu. Na farko shi ne ƙuncin faɗin gani, wato girman da'irar da mai leƙe yake gani a gabansa, wanda ake aunawa da digiri: a ninki 20 yakan tsaya kusa da digiri 40, sai an zuƙo sosai yake buɗewa zuwa 60 da wani abu, ma'ana ya fi ƙunci a daidai ninkin da mai ɗaukar hoto ya fi buƙata, alhali maleƙi mai ninki 30 tsayayye na faɗin gani yakan ba da digiri 65 ko fiye. Na biyu shi ne tazarar ido, wato nisan da ke tsakanin gilashin ƙarshe na maleƙi da wurin da ɗigon hasken nan yake tsayawa. Mutum yana iya matso da idonsa har gashin ido ya taɓa gilashi, amma kafar hasken kyamara tana can cikin idonta, bayan gilasai da dama, don haka idan tazarar ta gaza sai ɗigon ya faɗi kafin ya kai kafar, a sami hoto a tsakiyar baƙin zobe. Maleƙin da tazararsa ta kai milimita 18 zuwa 20 shi ne mai sauƙin sha'ani, kuma a yawancin tsofaffin masu zuƙowa tazarar takan ragu a tsakiyar zango, abin da ba a cika bayyana shi a jikin kwali ba.

Wannan bambanci ya ragu tun da manyan kamfanoni suka fito da maleƙai masu zuƙowa na faɗin gani, waɗanda suka gajarta zangonsu don su riƙe da'ira mai faɗi daga farko har ƙarshe, kamar mai 25 zuwa 50 na Leica da na Swarovski, da mai 25 zuwa 60 na Kowa. Wanda yake da halin sayen irin waɗannan ya huta da zaɓi. Wanda kuma madubinsa na matsakaicin kuɗi ne, idan maleƙinsa yana cirewa, zai fi cin riba ya nemi mai ninki 30 tsayayye fiye da ya sauya kyamara, domin gilasansa ba su da yawa, haske ya fi ratsa shi, kuma tazarar idonsa ba ta motsi, ta yadda idan aka daidaita adaftar da take riƙe kyamara a bakin maleƙi sau ɗaya an gama. Ingancin gilashin gaba ma yana fitowa fili a hoto fiye da yadda yake fitowa ga ido: gilashi na yau da kullum ba ya tattara dukkan launuka a wuri guda, sai a ga zare shuɗi ko shunayya a gefen farin tsuntsu ko a kan reshen da ya ratsa sararin sama, abin da ƙwaƙwalwar mai kallo takan yi watsi da shi amma kyamara ta adana. Madubai masu alamar ED ko HD ko APO a jikinsu an yi su ne da gilashin da yake rage wannan rarrabuwar launi, wasu kuma, kamar Kowa TSN-883 mai milimita 88, da ma'adinin fulorayit.

Daga faɗin gani ne ake gane idon kyamarar da zai dace. Kowane idon kyamara yana da kusurwar da yake kamawa, kuma idan ta fi ta maleƙi faɗi, dole gefen hoto ya yi baƙi, komai kyawun adafta. Idon da yake daidai da milimita 50 a ma'aunin tsohon fim na milimita 35, wanda har yanzu da shi ake kwatanta kyamarori, yana kama kimanin digiri 47 daga kusurwar hoto zuwa kusurwa, mai milimita 40 yana kama 57, mai 35 kuma 63, saboda haka tsakanin 35 da 50 ne ake samun hoto cikakke a bayan maleƙi mai faɗin gani. Haka kuma gajeren ido mai lebur ya fi dogo mai zuƙowa, tun da kafar haskensa tana kusa da gaba. Girman farantin ɗaukar haske da ke cikin kyamara ma yana da tasirin da ya saɓa wa abin da aka saba ji, domin a nan babbar kyamara ba ta cika yin nasara ba. Ana auna hasken haɗin da lambar f, wadda ake samu idan aka raba ainihin tsawon tattarawa da faɗin gilashin gaba, kuma girman lambar yana nufin ƙarancin haske a kan kowane yanki na farantin. Kyamara mai cikakken faranti da ido na milimita 50 a ninki 30 a kan madubi mai milimita 80 tana aiki ne a wajen f/19, alhali kyamarar tsarin Micro Four Thirds na Panasonic da Olympus, da idonta na milimita 20 wanda yake daidai da 40, tana aiki a f/7.5, kuma ba ta da nauyin da zai rinjayi madubin ta baya. Gaskiya ne babban faranti ya fi jure a ɗaga masa ISO, wato a ƙarfafa hasken da ya samu, wanda hakan yake mayar masa da wani abu daga abin da ya rasa, amma nauyi da girman ido suna nan.

Wayar hannu ta shigo wannan fage da sa'ar da ba don ita aka ƙera ta ba, domin kafar idonta 'yan milimita kaɗan ce, kusan daidai da ɗigon hasken maleƙi, kuma tana dab da gilashin waje, saboda haka matsalar tazarar ido ba ta cika damunta ba. Babban idon yawancin wayoyi yana daidai da milimita 24 zuwa 26, yana kama kusan digiri 80, shi ya sa hoton farko yake fitowa a cikin da'ira, sai an ɗan zuƙo zuwa 1.5 ko 2 baƙin zoben yake ɓacewa, kuma a 2 ɗin, bayan maleƙi mai ninki 30, an riga an kai daidai da milimita 1,500. Wuce nan da zuƙowar waya asara ce, don yanke hoto kawai take yi ta cike gurbin da ƙiyasi. Wayoyi masu ido uku ko huɗu suna da wata ɗabi'a mai ban haushi, wato sauya ido da kansu idan suka ji haske ya ragu ko suka zaci abu ya matso kusa, sai allo ya yi baƙi ƙirin saboda idon da suka koma ba shi ne a bakin maleƙi ba; maganinsa shi ne a kashe sauyawar kai-tsaye zuwa ɗaukar abu na kusa, ko a shiga tsarin ƙwararru na manhajar kyamara inda mutum yake zaɓen ido da kansa. Adafta mai riƙe waya ba ado ba ce, tun da kuskuren milimita ɗaya a daidaita ido da ɗigon da bai kai milimita 3 ba ya isa ya duhunta rabin hoto, kuma kafin a ɗaura ta ana buƙatar a cire rigar waya, a kuma gwada tsayin robar bakin maleƙi har sai gefen da'irar ya fito da kaifi.

Saitin kyamara yana farawa da kafar haske. Tsarin da ya fi dacewa shi ne wanda aka yi wa alamar A ko Av, inda mai ɗauka yake zaɓen kafa, kyamara kuma ta zaɓi saurin ƙyaure, wato tsawon lokacin da take barin haske ya faɗa kan faranti. Ana buɗe kafar har ƙarshe ko kusa da ƙarshe a bar ta a nan, domin ɗigon maleƙi ne ainihin kafar haɗin, kuma tsuke ta kyamara ba ya ƙara zurfin tsabtar hoto kamar yadda yake yi a ɗaukar yau da kullum, abin da yakan jawo kawai shi ne duhun gefe da jinkirin ƙyaure. Saurin ƙyauren ne abin sa ido. Tsuntsun da ya natsu, kamar zalɓe mai dakon kifi, yana ɗaukuwa a 1/250 idan maɗori ya kafu, har ƙasa da haka idan babu iska; mai kiwo a bakin ruwa kamar zakaran ƙeƙuwa yana son 1/500 zuwa 1/1000; ƙananan tsuntsaye marasa zama wuri ɗaya irin sha-zumami sun fi haka buƙata, tsuntsu mai tashi kuwa ba aikin wannan dabara ba ne, sai dai sa'a. Hanyar samun wannan sauri ita ce ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take ƙarfafa hasken da ta samu, wanda ɗaga shi yake kawo tsaki-tsaki a hoto. A zamanin Poh tsakin yakan ɓata hoto tun daga ISO 400, amma kyamarorin yanzu masu sauya ido suna ba da hoto mai kyau a 800 da 1600, har 3200, kuma tsoron ɗaga shi kuskure ne, domin manhaja tana iya rage tsaki, amma babu manhajar da take dawo da gashin tsuntsun da motsi ya shafe. A kyamarar da ta yarda, ana iya barin ISO ya sarrafa kansa bayan an gindaya masa mafi ƙarancin saurin ƙyaure da kuma iyakar da ba zai wuce ba.

Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka ne cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne tsakanin fari da baƙi, kuma tsuntsaye ba su cika bin wannan zato ba. Balbela a gaban ciyawa mai duhu takan ƙone, fiffikenta ya zama fari fat ba zane, idan ba a rage haske da mataki ɗaya ko makamancin haka ba ta maɓallin da ke da alamar tarawa da ɗebewa. Tsuntsun da ya sauka a ƙololuwar bishiya, sararin sama mai haske a bayansa, yakan fito baƙi kamar inuwa sai an ƙara mataki ɗaya ko biyu. Hankaka kuwa, mai baƙin jiki da farin ƙirji, yana tara matsalolin biyu a jiki ɗaya, kuma a kansa ana kare farin ne, domin abin da ya yi duhu ana iya tono shi daga baya, wanda ya ƙone kuwa ya tafi. Kunna alamar da take walƙiya a wuraren da suka ƙone ya fi dogara da ganin allo, musamman a tsakar rana, kuma adana hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen bayanin faranti kafin kyamara ta sarrafa shi, yana ba da sararin gyara haske da launi fiye da JPEG. Fitilar walƙiya da ƙaramar fitilar taimakon fokas duka a kashe suke zama.

Fokas, wato daidaita gilashi har abin da ake ɗauka ya fito da kaifi, shi ne wurin da aka fi yin asara, saboda zurfin tsabta, wato kaurin yankin da yake fitowa sarai gaba da bayan inda aka saita, siriri ne ƙwarai: a haɗin milimita 20 da ninki 30 da aka ambata, a nisan mita 10, bai wuce kimanin santimita 6 ba, ta yadda wutsiya za ta iya fitowa kai ya ɓace. Madubi ne yake yin babban aikin, kuma da allon kyamara ake saita shi, ba da ido a maleƙi ba, domin idon mutum yana gyara ƙaramin kuskure da kansa ba tare da mai shi ya sani ba, kyamara kuwa ba ta yafewa. Wasu suna kafe idon kyamara a kan nesa mafi nisa su yi komai da zoben madubi, suna girmama wani yanki na allo ko suna kunna launin da yake haskaka gefen abin da ya yi kaifi. Wasu kuma suna kawo madubi kusa da daidai, su bar kyamara ta ƙarasa da ɗigon fokas guda ɗaya ƙarami da aka ɗora a kan idon tsuntsu. Hanya ta biyu ta fi sauri a fili, ta farko ta fi aminci idan tsuntsun yana bayan kara ko ganye, inda kyamara takan kama abin da ya fi kusa. A waya, danna yatsa a riƙe a kan tsuntsun yana kulle fokas da haske tare.

Duk wannan ba ya tsinana komai idan haɗin yana rawa, kuma a tsawon milimita 1,200 ko 1,500 taɓa maɓalli da yatsa ya isa ya ɓata hoto. Ana ɗauka ne da igiya ko da ɗan rimot na Bluetooth, a wayoyi da yawa kuma maɓallin ƙarar sauti na igiyar kunne yana yin wannan aiki. Agogon jinkiri na daƙiƙa 2 ma yana yi, sai dai tsuntsu ba ya jiran agogo. Ƙyauren lantarki, wanda ba shi da wani ƙarfe mai motsi, ya fi na inji, ko da yake yakan karkata fiffiken da ke kaɗawa da sauri, kuma a tsofaffin manyan kyamarori masu madubin ciki dole a ɗauka ta allo domin bugun madubin yana girgiza komai. Ɗauka a jere, hoto biyar ko goma a danna ɗaya, ba almubazzaranci ba ne, tun da a cikinsu akan sami ɗaya da ya faɗo tsakanin girgiza biyu, kuma bidiyon 4K, wanda kowane hoto a cikinsa ya kai megafiksil 8, yana ba da irin wannan dama muddin an riƙe ƙyaure da sauri. Maɗori mai kauri ya fi mai kyan gani, a bar sandarsa ta tsakiya a ƙasa, a rage tsawon ƙafafu idan ana iska, a kuma zame madubin gaba a kan dogon farantin maɗori har nauyin kyamara ya daidaita, in ba haka ba da an saki hannu sai bakin madubi ya ɗaga, tsuntsu ya fice daga hoto. Na'urar hana girgiza da ke cikin kyamara ba ta san da madubi a gabanta ba, don haka a kan maɗori kashe ta ya fi.

Abin da ya rage bayan an gyara kayan aiki shi ne iskar da ke tsakanin gilashi da tsuntsu, kuma a ƙasashen Sahel ita ce take yanke hukunci. Da zarar rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi tana tashi ta gauraya da mai sanyi, haske ya riƙa karkacewa a hanya, kuma kawalwalniyar da ido yake hangowa a kan kwalta madubi yana ninka ta daidai yadda yake ninka tsuntsu, ta yadda daga hantsi zuwa la'asar hoton da ya wuce mita 40 ko 50 a kan yashi ko busasshiyar fadama yakan fito kamar an ɗauke shi a ƙarƙashin ruwa, kuma babu saitin da yake gyara shi in ba rage ninki da rage nisa ba. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya haɗa da mafakar tsuntsaye ta Dagona a jihar Yobe da Baturiya a jihar Jigawa, yana karɓar agwagi da sauran tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya a lokacin sanyi, kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ƙungiyar Wetlands International take jagoranta, a watan Janairu ake yin ta, wato a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo yake cinye kaifin launi, ya rage haske, ya kuma rina komai da ruwan ƙasa. A irin wannan rana sa'o'i biyu na farkon safiya, rana tana bayan mai ɗauka, sun fi sauran yinin duka, kuma hoton RAW ne yake ba da damar cire rinin daga baya. Ƙurar da ta kwanta a kan gilashi ana hure ta ne da ɗan famfon roba kafin a kai ƙyalle, domin yashi ne, yana kuma karce rufin gilashin. Madubi ba a juya shi wajen rana ko da wasa, saboda yana iya makantar da ido ya kuma ƙona farantin kyamara. Kuma tun da dogon bututu a kan ƙafa uku yana iya tayar da hankalin wanda bai san shi ba, gaisar da mai unguwa ko dagaci da nuna musu abin da ake yi yana cikin shirin fita.

Ba kowane hoto ne ake nema don kyau ba. Shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take gudanarwa, da rumbun eBird na Jami'ar Cornell a Amurka, suna karɓar rahoton abin da masu sa kai suka gani, kuma idan aka ba da rahoton tsuntsun da ba a saba gani a wani yanki ba, masu tantancewa sukan nemi shaida. A nan hoto mai tsaki wanda ya nuna siffar baki da launin ƙafa, ko lambar zoben da masu bincike suka sa wa tsuntsu a wata ƙasa, ya wadatar, kuma wannan ne kaɗai wurin da murɗa maleƙi zuwa ninki 50 ko 60 yake da hujja, da sharaɗin a ɗaga ISO, a ɗauki hotuna da yawa a jere daga kusurwa fiye da ɗaya, a kuma tabbatar agogon kyamara da kwanan watanta daidai suke kafin a bar gida.